Kafet ɗin da Inna ta sa aka raba biyu

Shekarun baya, a wata kaka da waken soya ya yi kyau a yankinmu, na ɗauko mahaifiyata daga ƙauye na kai ta kasuwar Funtuwa da niyyar in saya mata kafet. Na fita gida ina murna, na ci kwalliya kamar mai zuwa biki. Har yau idan hanya ta bi da ni ta layin masu kafet, kau da kai nake yi in ƙara sauri.

Ni ce auta a ɗakinmu. Ɗinki nake yi a Funtuwa inda nake aure, kuma duk wanda ya san ni ya san ni da son ƙyale-ƙyale. Maigidana yakan ce ko tsintsiya aka aike ni saye sai na tambaya ko akwai mai fure. Mahaifiyata kuwa, wadda muke kira Inna, ba ruwanta da wannan. Tana zaune a ƙauyenmu da ke bayan Bakori, inda sai ka sauka daga kwalta, ka bi turba, ka tsallake wani rafi kafin ka hango rumbunan gidanmu. Ita da aminiyarta, wata tsohuwa da muke ce wa Gwaggo duk da ba jini ya haɗa mu ba, su ne masu wankan gawar mata a garin. Ba sana'a ba ce, ba wanda ke biyan su. Idan mace ta rasu sai dai ka ji sallama a zaure, Inna ta ajiye abin da take yi, ta ɗauki mayafi, ta biya wa Gwaggo su tafi. Ina yarinya tsoron abin nake ji ƙwarai. Ranar da ta je wanka ba na yarda in ci tuwo kwano ɗaya da ita, sai in ce cikina ke ciwo. Ta sani sarai, amma ba ta taɓa tona ni ba.

Ɗakinta asalinsa daɓe ne, irin wanda mata ke taruwa su buga su shafe da makuba. Da yayana, wanda shi ne babbanmu, ya samu hali, sai ya sa aka fasa aka zuba siminti, aka ɗora kwano a sama. Kowa ya yi masa sambarka. Amma tun daga nan Inna ta fara kukan gwiwa, wai sanyin ƙasa yana shigar ta. A shekarar da nake ba ku labari abin ya wuce gwiwa. Ƙafafunta suka kumbura, abinci ya fita ranta, zanen da take ɗaurawa ya fara zagaye ta har ya yi saura. Mun kai ta asibiti, an ba da magunguna, likita ya yi wa yayana wani bayani da bai maimaita mana duka ba. Ni dai na tsaya kai da fata cewa sanyin siminti ne. Sai daga baya na gane dalilina: simintin shi ne kaɗai abin da nake iya yi wa magani.

Shagon da muka shiga na wani Alhaji ne mai fara'a. Ya ba Inna kujera, ya shiga sauko mana da kaya. Ya ce kafet kamar atamfa yake, ido yana ruɗin mutum, zaren shi ne gaskiyar magana. Akwai na ulu, wato gashin tumaki, akwai na auduga, akwai na zaren roba. Don ya nuna mana bambancin sai ya tsinko zare daga gefen kowanne ya ƙyasta ashana. Na ulu ya yi ƙaurin babbakar kan rago, ya zama toka, ya mutu da kansa. Na auduga ya ci da wuta bal. Na roba kuwa ya narke ya dunƙule ya zama wani ɗan baƙin ƙulli mai tauri.

Ni tuni idona ya faɗa kan wani na ulu, ja mai duhu, da zanen furanni a gefe. Na cire takalmi na taka, ƙafata ta nutse, har na ji kamar in kwanta a nan in yi barci. Awon ɗakin yana hannuna, da tef ɗina na ɗinki na auno shi.

Na ce, “Alhaji, wannan za a yanka mana. A shafa gam a manne shi daga bango zuwa bango, kada a bar ko tafin hannu na siminti a waje.”

“Hajiya kin iya zaɓe,” in ji shi. “Wannan yana riƙe ɗumi, kuma ko garwashi ya faɗo daga kasko ba ya tashi da wuta. Na tsofaffi ne.”

Inna ta miƙo hannu ta karɓi ledar ruwan da nake sha, ta ce, “Alhaji, ka yarda in ɗiga?”

Ya yi dariya, ya kawo mata ƙyallayen da suka rage daga yanka. Ta tsiyaya ruwa a kan kowanne ta zauna tana kallo. Na auduga ya shanye nan take. Na ulu ya ɗan yi gardama, ruwan ya tsaya a sama, can sai ya nutse, ta matse shi da yatsu ya ƙi fitowa duka. Na robar ta ɗaga ta kaɗa, ruwan ya zube ƙasa.

“Wanne ya fi saurin bushewa in damina ce?” ta tambaye shi.

“Na roba, Iya. Ki wanke da safe, kafin la'asar ya bushe. Na ulu kam in ya sha ruwa da damina sai ya yi kwanaki yana bashi.”

“To wanne ne ba ya riƙe wari?”

“Shi dai na robar. Ba ya riƙe komai. Amma fa ba shi da laushi, kuma ba ya shiri da wuta.”

“Kaskona a bakin ƙofa yake kwana,” in ji ta.

Sai ta nuna wani siririn kore can ƙarshen shago, ba fure ba ado, irin wanda ake shimfiɗawa a masallatai. Ta sa aka kawo, ta kama gefensa ta jinjina nauyinsa. Ta ce, “Wannan. Kada a sa mishi gam. Kuma in ka yanka, ka raba shi biyu, ka ɗinke bakin kowane.”

Na ce, “Haba Inna! Duk kasuwar nan ki rasa abin ɗauka sai wannan mai kama da buhun taki? Kuma a raba shi biyu sai ka ce goro?”

Shi ma mai shagon ya sa baki. “Iya, in aka raba ba zai yi kyau ba. Za a riƙa ganin tsagar a tsakiyar ɗaki.”

Ta dube shi, ta yi magana da irin muryar da take taya daddawa a kasuwa. “Ɓarin da ke wajen gado ya zamna inda yake. Na wajen ƙofa shi za a naɗe ranar da za a yi mani wanka. Tsohuwa ce za ta naɗe shi, ba ta da ƙarfi, shi ya sa nike son mara nauyi.”

Alhaji ya cire hularsa ya mayar, ya ce, “Allah ya sa mu cika da imani.” Ni kuwa na zura takalmi na fice. Na laɓe a bayan wata motar kaya ina kuka, da jan-bakina da gazal da komai, masu wucewa suna kallona suna zaton an yanke mini jaka.

Ta daɗe kafin ta iso inda nake, don tafiya ta riga ta zame mata aiki. Ta roƙi wani mai rake ya ba ta gefen bencinsa, ta zauna tana mayar da numfashi.

“Auta, zo ki zamna.”

Na ce, “Ni na kawo ki in saya miki abin jin daɗi, ke kuma kina kira wa kanki mutuwa a gaban mutane.”

“Mutuwa ba a kiran ta, ɗiyata, ba a kuma korar ta. Na wanke matan da ko ke kin girme su. Na san yadda jiki ke yi in ya fara sallama, kuma nawa ya fara.”

A nan kan bencin mai rake ta ba ni labarin abin da ban taɓa tsayawa na saurara ba a aikinsu. Ta ce akwai wata dattijuwa a garinmu da 'ya'yanta na birni suka manne mata kafet mai kauri a ɗaki. Ranar da ta cika, aka rasa inda za a zuba ruwa. Kafet ya ƙi ɓamɓaruwa, maza kuma suna waje suna jira. Dole aka ɗauke ta aka kai ta bayan ɗaki kusa da makewayi, aka kare da zana da zannuwa, kaji suna ratsawa ta ƙarƙashi, aka yi mata wanka a nan. Ta ce akwai wata kuma da aka yi wa a kan kafet ɗin haka nan. Damina ce, ya sha ruwa ya ƙi bushewa, matan da suka zo gaisuwa suka riƙa toshe hanci da mayafi. Baiwar Allah mai tsafta, amma abin da aka tashi da shi daga gidanta ke nan.

“Ta farkon nan,” in ji Inna, “tun tana amarya take ɗakin. Nan ta haihu, nan ta yi takaba. Ranar ƙarshe aka fidda ta kamar baƙuwa, saboda shimfiɗa. Ni a ɗakina nike so, ƙofa a rufe, Gwaggonki a kaina. In mata sun zo zaman makoki da caɓi a ƙafa da yara masu fitsari, kada in bar maku aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya, Auta. Ban taɓa roƙon ki komi ba, yau na roƙe ki.”

Gaskiya ta faɗa, ba ta taɓa ba. Ko ɗinkin Sallah sai na yi da gaske take karɓa. Na share fuska da gefen gyale, na koma shagon na ce a yanka koren. Ina tsaye aka ja reza a tsakiyarsa, ƙarar ta bi ta cikin haƙorana.

Da muka kai shi gida na shimfiɗa, tsagar ta fito a tsakiyar ɗaki kamar yadda mai shago ya faɗa. Na yi ta jan wannan ɓari ina ɗora shi kan wancan don ta ɓace, Inna tana zaune a bakin gado tana yi mini dariya. Ba a jima ba sai ga Gwaggo ta dogaro sanda. Ta tsaya a ƙofa ta ƙare wa ɗakin kallo, ba wanda ya yi mata bayani, ta gane. Ta jingine sandar, ta durƙusa, ta kama bakin ɓarin ƙofa ta fara naɗewa.

“Kai, ya yi,” in ji ta. “Ko ni kaɗai na iya.”

“To mayar min da abina, ban tafi ba tukuna,” in ji Inna.

“Wa ya ce ma ke za ki riga? Ke dai kin cika son gaba. Ko a ɗaukar ruwa haka kike tun muna 'yan mata.”

Suka yi ta dariya har da tari. Ashe tsohon alkawari ne a tsakaninsu, duk wadda ta riga, ɗayar ce za ta wanke ta. Ni ban ga abin dariya ba. Na fita tsakar gida na kama wanke kwanonin da aka riga aka wanke.

Amma kada in yi wa kafet ɗin nan rashin adalci, Inna ta more shi. Ya tare mata sanyin ƙasa, ta daina kwana da safa. A kansa take sallah a zaune. A kansa take ɓarar gyaɗa da matar yayana, wadda ke zaune da ita a gidan. Jikoki su zubar da kunu, ta ce a bar su, tsumma da ruwa sun isa. Duk ƙarshen mako nakan rufe keke in tafi, in kwanta a ƙasa kusa da gadonta muna hira. Wani lokaci in manta gaba ɗaya, sai hannuna ya taɓa tsagar nan in tuna. Haka muka ci rani, muka shiga bazara, aka yi shuka.

Da damina ta yi nisa, masara ta fara fitar da gemu, jikin ya rikice. Kumburin ya hau har ciki, ruwa ma sai da cokali. Muka kawo ta asibiti a Funtuwa aka ba ta gado. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, ba ni da abin cewa a kansu. Bayan wasu kwanaki likita ya kira yayana gefe, ya ce abin ya yi nisa, amma idan muna so zai rubuta mana takarda mu gwada Zariya. Yayana ya ce a rubuta. Har ya fita neman mota.

Ina zaune kusa da ita tana jin duk abin da ake yi. Ta kamo gefen zanena ta jawo ni. Muryar ta riga ta dushe, sai da na kai kunne bakinta.

“Auta, in na tafi Zariya, a can za su wanke ni. Ki tuna.”

Na tashi na bi yayana, na cim masa a ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya a harabar asibitin, ya gama ciniki da wani direba ke nan. Tunda nake ban taɓa musu da shi ba, shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya aurar da ni. Na ce, “Yaya, gida take so.”

Ya juyo ya dube ni kamar bai san ni ba. “Gida? A kai ta gida ta yi mi? Wa ke gare mu a gida, likita ko allura?”

“Ta roƙe ni tun kaka.”

“Ai na sani! Ke kika ɗauke ta kika kai kasuwa kuka sayo mata shimfiɗar mutuwa. Tun ranar kika sallama ta. Ni ban sallama uwata ba.”

Maganar ta soke ni, kuma har yau in na tuna sai na ji wurin. Abin da ya fi ciwo shi ne na fahimce shi sarai, don abin da yake yi da Zariya shi na yi da jan kafet mai furanni. Na ce kawai, “Shiga ka tambaye ta da kanka. Duk abin da ta ce maka, na bi.”

Ya shiga, na bi bayansa na tsaya a ƙofa. Shi ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama hira da shi, ko kallon ido da ido ba ta cika yi masa ba. Ya durƙusa gaban gadon ya ce, “Inna, an samu mota. Za mu gwada Zariya.”

Ta lalubo hannunsa ta riƙe. Ban taɓa ganin ta riƙe shi ba sai ranar.

“Kai wannan,” ta ce, “ka yi iya yinka, Allah ya yi maka albarka. Ɗakin da ka gyara mani, kai ni cikinsa.”

Ya kifa kansa a gefen katifar, kafaɗunsa suna rawa. Da ya ɗago bai kalle ni ba. Ya fita ya ce wa direban hanya ta canza.

An yi ruwa mai yawa a daren da ya gabata. Muka bar kwalta muka shiga turba, motar tana tangal-tangal cikin laka, ina rungume da kanta a cinyata. Da muka iso rafi muka tarar ya cika ya tumbatsa. Direba ya sauka ya duba, ya ce wallahi ko za a yanka shi ba zai sa motarsa ciki ba. Muka yi cirko-cirko. Na hango rufin gidanmu a tsallake, na ce a raina, yanzu a nan bakin rafi za ta cika, ba Zariya ba ɗakinta?

Muna cikin haka sai ga maƙwabcinmu na gona, wani dattijon Bamaguje da gonarsa ke iyaka da tamu tun zamanin mahaifinmu, ya fito daga cikin dawa. Ya leƙa motar ya ga wadda ke ciki. Bai tsaya dogon jaje ba, ya juya da sauri, can sai ga shi da amalanke da shanun huɗarsa.

Yayana ya ce, “Baba, ruwan nan zai ƙetaru kuwa?”

“Aradu zai ƙetaru. Na san inda dutse yake. Ku ɗauko ta.”

Aka shimfiɗa katifa a kan amalanken, na hau na riƙe ta, yayana da dattijon suka shiga ruwa har ƙugu suna jan shanun. Ruwa yana dukan tayoyi, ni ina ta salati. Da muka haura, turbar ta ratsa tsakiyar gonaki, masara ta rufe mu dama da hagu. Sai na ji Inna ta buɗe ido tana kallon ganyen da ke wucewa ta samanta. Ta ce, “Wannan ta sha taki.” Rabon da in ji ta yi magana a kan wani abu da ba ciwo ba har na manta.

Ta yi 'yan kwanaki a ɗakinta. Ba ta cin komai, amma fuskarta ta saki. Gwaggo takan zo da safe ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ba sa ko magana sosai. Mata suna shigowa gaisuwa, tana gane kowa. Wata safiya da hantsi, rana ta ɗan leƙo bayan yayyafi, ina jiƙa mata leɓe da auduga, ta yi kalmar shahada a hankali, na taya ta. Ta ja numfashi ta sauke, na jira na gaba, bai zo ba.

Gwaggo ce ta rufe mata ido. Ba ta yi kuka ba. Ta sa aka ɗora ruwa, aka tsinko ganyen magarya, ta fitar da kowa daga ɗakin. Ni ma na nufi ƙofa, don har a lokacin tsoron nan na yarinta bai bar ni ba. Na ga ta durƙusa ta kama bakin kafet ɗin, wanda ta naɗe ita kaɗai tana dariya watannin baya. Hannuwanta suka ƙi. Ta kama ya suɓuce, ta sake kamawa ya suɓuce. Ta ɗago ta dube ni.

“Auta, kama can.”

Na mayar da ƙofa na rufe. Na durƙusa na kama ɗaya gefen, muka naɗe shi tare muka jingine a bango. Ba shi da nauyi ko kaɗan, ni ce dai na ji kamar ina naɗe ƙasar duniya. Siminti ya fito fili, ruwa zai bi ta ƙofar rariyar da ke gindin bango ya fita. Muka sauko da ita. Gwaggo tana wankewa, ni ina zuba ruwa daga buta inda ta nuna. Tana yi tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. “Juya nan, 'yar uwa. Yauwa. Kin dai riga ni ɗin, mai son gaba.” Ban ji tsoro ba. Uwata ce, a ɗakinta, ƙofa a rufe, ba idon kowa.

Bayan maza sun ɗauke ta, muka goge simintin muka mayar da kafet. Sai mata suka fara zuwa, daga garinmu, daga Danja, daga ƙauyukan da ban ma san ta taɓa zuwa wanka ba. Ruwa bai fasa sauka ba duk kwanakin makoki. Aka shigo da caɓi, aka zubar da kunu da gumba, jarirai suka yi abin da suka saba. Koren nan ya koma ruwan ƙasa. Kafin a watse aka raba kayan sawarta, wasu ga dangi, wasu sadaka, har matashin kanta wata tsohuwa ta roƙa aka ba ta. Ni ina cikin karɓar gaisuwa, ban yi tunanin ɓoye ko ɗankwali ba.

Da gida ya yi shiru, ni da matar yayana muka fitar da ɓarin biyu tsakar gida. Muka zuba garin sabulu muka goge da tsintsiya, muka ɗauraye, muka shanya a kan katanga. Kafin la'asar ya bushe ƙarau, ya dawo kore shar kamar ranar da aka yanko shi. Na sauko da ɓarin da ke wajen gado, inda take sallah, inda take zama tana shafa man zafi a gwiwa. Na kai shi ɗaki, na durƙusa na kifa fuskata a kai. Na bi shi lungu-lungu ina shinshinawa. Ina neman man zafin nan, ko hayaƙin kaskonta, ko ƙanshin jikinta da na sani tun ina goye. Babu komai sai sabulu. A nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar, har yayana ya ji daga zaure ya shigo. Ya tsaya a kaina, ya ce, “Yi haƙuri, Auta. Abin da na faɗa maki a asibiti, zafin rai ne.” Na ce na sani. Ya zauna a ƙasa kusa da ni.

Har yau ban san ko Zariya za ta ƙara mata wasu kwanaki ba, kuma na daina tambayar kaina. Abin da na sani shi ne ta roƙi abu ɗaya, ta samu. Ta zaɓi zaren da ba ya riƙe komai don kada ta bar mana wahala, kuma bai riƙe ba. Ta yi lissafin ruwa, ta yi na caɓi, ta yi na ƙarfin tsohuwar da za ta naɗe. Abin da ba ta lissafa ba shi ne akwai wadda za ta zo tana neman abin da ya saura. Ko kuwa ta lissafa, ta ga gara in yi kukan lokaci guda in tashi. Da Inna ba ka rantsuwa.

Yanzu iyayen amare da ke kawo mini ɗinki sukan tambaye ni wane kafet za su saya, tunda an san ni da sanin kayan ɗaki. Nakan gaya musu gaskiya: in gida ne mai yara da shige da fice, ku ɗauki na roba, in ɗumi da laushi kuke so ku ɗauki na ulu, amma ku san yana shan ruwa kuma yana riƙe duk abin da ya taɓa shi. Kuma kowanne ne, kada ku sa gam. Ba na faɗa musu dalili, amarya ba ta bukatar jin wannan.

Ni kuwa a nawa ɗakin na ulu na shimfiɗa, mai kauri, mai nauyi, a rabe biyu. Kullum da yamma sai na turara shi, a kansa nake shafa mai, a kansa nake zama in yi wa 'ya'yana mata kitso. Na san ranar da za su fitar da shi za su sha wahala, sai sun nemi mai taya su ɗauka, zai yi kwanaki a katanga bai bushe ba. Su yi haƙuri su sha. Ni dai ina so in sun kifa fuska su same ni a ciki.